Ranar da Ruwan Tiga Ya Sakar Mana Kufai

Ni aikina bin bakin ruwa ne. In aka tambaye ni sana'ata a gidan biki nakan ce malamin gona ne ni, don a ƙyale ni in ci shinkafata. Amma gaskiyar magana, ƙungiyar manoman rani ta wajenmu a Tiga ce ta damƙa mini wata 'yar na'ura da ake kira GPS, mai aiki da tauraron ɗan'adam, mai kama da tsohuwar wayar hannu, aka ce in riƙa zagaya gaɓar dam da ƙafa. Ina tafiya tana zana layin inda na bi. In na dawo gida sai in juye layin a kwamfuta ya zama fayil, in raɗa masa suna, in ajiye. Dalili kuwa, ruwan dam ba a wuri ɗaya yake kwana ba. Da kaka yana cike har wuya, daga nan sai ya riƙa janyewa sannu a hankali har ƙarshen bazara. Duk ƙasar da ya saki, manoma ne ke rabawa su shuka tumatir da albasa da masara. In ba a san inda ruwa ya tsaya ba, rabon nan faɗa yake komawa.

Wajen raɗa suna kam ban taɓa wahalar da kaina ba. Abin da ya zo bakina shi ne suna. Akwai "bayan sallah". Akwai "ranar da babur ya mutu". Akwai "bakin ruwa sabo", da "bakin ruwa sabo na biyu", da "na ƙarshe", da "na ƙarshe na gaske". Maiɗakina ta taɓa leƙowa ta kafaɗata ta ce, "Malam, kai ko 'yan tsaki bai kamata a ba ka ka raɗa wa suna ba." Na ce mata ta je ta ji da tukunyarta, ni na san 'ya'yana. A lokacin da gaskiyata, don ba su da yawa.

Wata shekara ruwa ya ja baya sosai, irin janyewar da masunta suka ce sun daɗe ba su ga kamarta ba. Ana azumi, rana kamar ta dafa mutum. Ina tafe a kan busasshiyar laka, nesa da inda na saba bi, sai na ci karo da wani falalen dutse. A kansa ga ƙananan ramuka a jere, layi-layi, irin na dara. Na tsaya na ce ikon Allah, ashe kifaye ma dara suke yi in mun ba da baya? Na danna wa wurin alama a na'ura, na ɗauki hoto da waya, na yi gaba abina. Da na koma gida na sa wa fayil ɗin "dutse azumi", na manta da shi.

Sai da babbar sallah ta zo na je garin Ƙofa gaida Baba. A can yake zaune tun yana saurayi, tun lokacin da aka tashi ƙauyensu za a tare ruwa. Ba ya yawan maganar tsohon garin, mu ma ba mu cika tambaya ba. Muna zaune a zaure bayan an ci nama, ina nuna masa hotunan albasar da muka noma, ina ta cika baki, sai ya riƙe mini hannu.

"Koma baya," ya ce.

Na koma. Ya karɓi wayar ya kai ta dab da hancinsa, ya daɗe yana kallo.

"A ina ka ga wannan?"

"Cikin dam, Baba. Ruwa ne ya janye."

"Wannan ai ƙofar gidanmu ce. A kan dutsen nan kakanka yake zama da yamma, shi da abokansa. Ni aka riƙa aike in ɗebo musu tsakuwa."

Nan take ya sa na kira masa yayarsa, Gwaggo, wadda aure ya kai Doguwa tun kafin a haife ni. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Ina jin muryarta ta waya tana salati, tana cewa a kai ta, a kai ta gobe-goben nan. To amma ina! Damina ta yi nisa, ruwa ya riga ya mayar da dutsen cikinsa. Na yi musu alkawari, na ce duk ranar da ya sake fitowa ni zan kai su da kaina.

Alkawari kaya ne. Shekara ta zagayo, ruwa bai ja ya kai can ba. Wata ta sake zagayowa, haka. Aka yi ta samun damina mai kyau a jere, kowa yana murna, ni kaɗai nake kallon dam da harara. Kullum na je Ƙofa, bayan gaisuwa Baba zai ce, "Ya ruwa?" Ba ruwan sama yake nufi ba, na sani. A wannan tsakani gwiwoyinsa suka fara ƙin tashi da safe, idon Gwaggo kuma ya fara yin yana. Nakan tsokane ta a waya in ce ai laifinta ne, ruwan da ke sauka a kan kwanon ɗakinta a Doguwa shi ke gangarowa ya danne mana gida, ta daure ta riƙa tarewa da bokiti. Ta ce, "Ɗan nema, zo ka tare da bakinka, tunda ya fi bokiti faɗi."

Ana nan sai aka yi wata damina mai ƙarancin ruwa. Dam bai cika ba. Masunta suka fara cewa bana kam za a ga ƙasa. Zuciyata ta yi fari. Na buɗe kwamfuta na nemo fayil ɗina, ga shi nan ɓaro-ɓaro: "dutse azumi". Azumi kuwa saura ƙiris. Ana kai tsakiyarsa na hau babur sai Ƙofa, na ce Baba ya hau mu je ya fara gani, in ya so a aika wa Gwaggo.

Ya dube ni ya ce, "Anya? Sanyi fa bai gama tattara kayansa ba."

"Baba, a rubuce yake."

"To, tunda a rubuce yake."

Muka tafi, ga ƙishirwa ga gargada, tsoho yana riƙe da rigata. Inda hanya ta ƙare muka sauka, na sa na'ura a gaba, kibiyarta tana nuna mana wajen dutsen, muna bi. Muka bi, muka bi, har ruwa ya taɓa mana takalma. Kibiya ba ta fasa nuna gaba ba. Can ciki, daidai inda take nunawa, ga wani masunci zaune cikin kwalekwale yana jan koma hankalinsa kwance. Har hannu ya ɗago mana.

Baba ya jingina da sandarsa yana kallon masuncin. Can ya ce, "Wancan bawan Allah a kan rufin gidanmu yake?"

"E, Baba."

"To Allah ya ba shi sa'a. Mu je, kada magariba ta same mu a hanya."

Bai yi mini faɗa ba. Da ma faɗan ya yi, da ya fi mini sauƙi. Duk hanyar komawa ina jin nauyinsa a bayana, kunya kamar in nutse.

Da na iso gida an kusa shan ruwa. Na zauna a tabarma ina huci, ina zagin dam, ina zagin masunta da surutunsu, har na'urar ma ban ƙyale ta ba. Maiɗakina ta ajiye kunu da ƙosai, ta bari sai da aka kira salla na kurɓa, sannan ta ce, "Malam, in tambaye ka mana. Waccan shekarar da ka ga dutsen, da me muke buɗa baki?"

"Da mangwaro mana. Har ya ishe mu, kina rabawa maƙwabta."

"To ɗaga kai ka dubi bishiyar."

Na ɗaga. 'Ya'yan mangwaron tsakar gidanmu ba su wuce ƙwan zabuwa ba, kore shar. Kai! Na dafe goshi. Ko yaron da ya fara azumin rabin yini ya san azumi ba ya zama wuri ɗaya, kowace shekara yana matsowa gaba, ya bi zafi ya bi sanyi ya bi damina. Na sani sarai. Amma sunan da na rubuta da hannuna ya rufe mini ido. Azumin waccan shekarar a ƙarshen bazara ya faɗo, na bana kuwa tun zafi bai kankama ba. Ruwan dam ba ruwansa da ganin wata, rana yake bi. Na bar jaki ina ta dukan taiki.

Kafin sallah labari ya isa Doguwa. Gwaggo ta kira ni, wannan karon ba wasa a muryarta.

"Ɗana, saurara. Ni ba ubanka ba ce da za a goya a babur a je a dawo. Jikin nan tafiya ɗaya ta rage masa, in na zo na zo ke nan. Ɗan'uwanka ne zai kawo ni a motarsa, shi kuma ka san ba mazauni ba ne, sai an sa masa rana tun da wuri ya ajiye lodi. Ka duba da kyau ka faɗi rana. Idona bai gama rufewa ba tukuna, amma yana hanya."

Ɗan nata direba ne, kudu yake kai hatsi, kuma taubashina ne, ba ya raga mini ko a gaban surukai. Ya karɓe wayar ya ce, "Malam mai tauraro, in taho da mota ko in ari jirgin ruwa?" Na ce ya taho da bakinsa, ya isa a yi fito da shi. Muka yi dariya, na ajiye waya. Ba zai yiwu in jira dutse ya fito sannan in kira ba. Tun yanzu ake so in faɗi rana, saura wata biyu, kuma in na kuskure babu na biyu.

Amsar tana cikin layukan da na yi shekaru ina tarawa. In na ga yadda ruwa ya janye a waccan shekarar, mataki-mataki, na gwada da na bana, zan san lokacin. To amma wane ne ya riga wane? "Na ƙarshe" ne farko ko "bakin ruwa sabo"? Babur ɗina kuma ai ba sau ɗaya ya mutu ba. 'Ya'yan da na ce na sani sun yi yawa, sun haura ɗari, duk sun zama baƙi. Na ce bari in dubi kwanan watan da kwamfuta ke nunawa a gefen kowane. Tabɗijam! Duk rana ɗaya suka nuna, wato ranar da tsohuwar kwamfutata ta mutu aka kwaso su zuwa wannan.

Allah ya taimake ni da abu ɗaya. Ita na'urar, duk taku da na yi tana rubuta ranarsa a cikin fayil ɗin, daga tauraron ɗan'adam take samowa, ba ta mantuwa ba ta son kai. Sai dai dole in buɗe su ɗaya bayan ɗaya, in karanto ranar, in sake wa kowanne suna. Na shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron nan da ya tona mini asiri, kullum bayan azahar, in batir ya yarda.

Da farko na rubuta sunan watan boko da baƙaƙe, sannan rana da shekara. Na gama na miƙe na yi miƙa, na danna a jera mini. Sai ga Afrilu a kan gaba, Agusta na biye da shi, sai Disamba, sai Fabrairu. Janairu da ya kamata ya ja zuga yana can tsakiya kamar baƙon da ya makara. Ashe ita kwamfuta ba ta san wata ba, baƙin farko kawai take kallo. Na ce wannan wace irin shekara ce da ake fita daga zafi a faɗa marka, a fito cikin sanyi?

Na sake zama. Wannan karon da lambobi, yadda aka koya mana a makaranta: rana, wata, shekara. Na yi kwanaki ina fama. Na danna. Sai duk ɗaya ga wata suka taru wuri guda, na kowane wata na kowace shekara, biyu ga wata ma suka yi nasu taron. Layin kaka yana kwance kusa da na bazara, na bana kusa da na shekarun baya. Na rufe kwamfutar da ƙarfi har kaji suka watse.

Maiɗakina tana tsince shinkafa a ƙofar ɗaki ta ce, "Yau ma sunan ake yi? Wannan karo na biyu ke nan, ba rago ba goro. Mu dai a riƙa gayyatarmu."

"Ke dai Allah ya shirye ki," na ce. Amma sai da na yi dariya.

A tasha abin ya faɗo mini. Na je aika wa Gwaggo buhun albasa, na fara yi wa ɗan kamasho kwatancen gidan, ƙofa mai shuɗin fenti kusa da injin niƙa. Ya katse ni ya ce, "Malam, wane gari tukuna?" Na ce Doguwa. Ya nuna mini mota. A can direba ya tambayi unguwa, sannan gida. Ina tsaye riƙe da bakin buhu sai na ce a raina, af, to ai shi ke nan. Babba ake fara faɗa, sannan na tsakiya, sannan ƙarami. Shekara ita ce gari, wata unguwa, rana gida. Na baro tasha ko sallama ban yi wa kowa ba.

Karo na uku ke nan. Shekara a gaba da lambobinta huɗu cif, sai wata, sai rana. Shekaru suka rabu tsaf, kowace da 'ya'yanta. Har na fara murmushi sai na hango watan goma ya tsallake ya zauna a gaban watan biyu, sha ɗaya da sha biyu suna take masa baya. Don me? Don da ɗaya suka fara, ɗaya kuma ya riga biyu. Haba! Na ce yau ni da ke ne. Na bi duk wata da duk rana mai lamba ɗaya na ɗora mata sifili a gaba, kowa ya zama mai lamba biyu, ba babba ba yaro. A wutsiyar kowane suna kuma na ƙara sunan watanmu na Musulunci, don na san Baba ba zai tambaye ni da na boko ba. A wutsiya ba ya hana jeri, kuma bai sa ni jin na yar da shi ba.

Na yi bisimilla na danna.

Suka jeru. Wallahi suka jeru kamar sahun salla, daga ranar da na fara aikin nan har zuwa makon jiya. Na ɗauki waccan shekarar na riƙa ɗora layukanta a kan taswira ɗaya bayan ɗaya, sai ga ruwa yana tafiya da baya a gaban idona, kowane layi ya fi na bayansa shiga ciki. Na ƙwala wa maiɗakina kira, ta fito da ludayi a hannu tana zaton kunama ce. Na ce zauna ki ga dam yana gudu. Muka kalla tare, ta ce a sake, na sake. A ƙarshen watan biyar layin ya wuce alamar dutsen. Ya ɗan daɗe a can, sannan ya juyo.

Saura gwaji. Na ɗauko layin da na bi a makon nan, na nemo na waccan shekarar mai wata ɗaya da rana kusa da shi, abin da a da ba zan iya ba ko za a yanka ni. Na ɗora su tare. Na bana har ya ɗan fi shiga ciki. Na koma wata guda baya na sake gwadawa, haka. Na ba laka lokacin bushewa, na kauce wa lokacin da ruwa ya juyo, na tsayar da wata Asabar a farkon watan shida. Na kira taubashina.

"Ka tabbata?" ya ce. "Don in na kawo tsohuwa muka tarar da kifi, kai zan sa ka goya ta har Doguwa."

"Na tabbata, in Allah ya yarda."

Baba kuwa da na faɗa masa cewa ya yi, "Watan shida na wa, namu ko na Nasara?" Na ce ana saura kaɗan babbar sallah. Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya nuna mana. Bai ce anya ba, amma na ga anyar a idonsa.

Makonnin nan ban san yadda suka wuce ba. Kullum da safe ina bakin ruwa. Ranar da na hango bayan dutsen ya ɓullo, baƙi, tsuntsu a tsaye a kansa, ihu na yi ni kaɗai kamar mahaukaci. Na nufe shi da gudu, laka ta kama ni har ƙwauri, da ƙyar na fito, takalmi ɗaya ya zama rabon dam. Na dawo gida da ƙafa ɗaya a takalmi ina dariya. Ana saura 'yan kwanaki kuma hadari ya fara haɗuwa ta kudu. Gwaggo ta kira ta ce an yi ruwa a wajensu, mai ƙarfi, har an fita shuka. Maiɗakina ta ce in kwantar da hankalina, ruwan farko ƙasa ce ke shanyewa, ba ya isowa ko'ina. Na san haka ne, amma tuwo bai shiga ba ranar.

Asabar ta zo garau. Da hantsi motar ta iso, Gwaggo a gaba ta sha lulluɓi, Baba a baya an biya an ɗauko shi, ya sa babbar rigarsa ta zuwa idi. Maiɗakina ta ce ita ma ba za a bar ta ba, da ita aka sha wahalar sunan. Inda hanya ta ƙare na riga na roƙi wani manomi amalankensa na shanu, muka ɗora tsofaffin a kan tabarma. Ni a gaba da na'ura, taubashina a gefe yana tambaya ko a naɗe wando. Ƙasa ta bushe ta tsattsage, tana ƙara a ƙarƙashin taya. Kibiya tana nuna gaba, wannan karon kuma gaban ƙasa ce, ruwa yana can nesa yana ƙyalli.

"Ga shi," na ce.

Daga nan aikin na'ura ya ƙare, na sa ta a aljihu. Aka sauko da Gwaggo. Ta durƙusa ta shafa dutsen da tafin hannu, ta zura yatsu cikin ramukan, ta ce, "Allah Sarki." Ta tambayi ina gabas, aka juya ta. Sai ta kama hannun ɗanta ta ce ya ja ta nan, ya ja ta can, tana magana ba tsayawa, nan rumbu yake, nan turken akuya, nan wata maƙwabciya mai masifa. A ƙasa akwai duwatsu a jere, rabinsu a binne, waɗanda aka ɗora katanga a kansu. Ginin ƙasar ya narke tuntuni, su suka rage, suna zagaye da fili. Gwaggo ba ta gan su ba, ɗanta ya tsallakar da ita. Ta yi 'yan taku a ciki, ƙafarta ta bugi wani abu, ta sunkuya ta laluba. Dutsen niƙa ne, cikinsa ya lotsa. Ta zauna a kansa ta ce nan ne ƙofar ɗakin innarsu, ba inda za ta ƙara matsawa.

Mu duka muka tsallaka muka bi ta. Da na waiwaya sai na ga Baba yana nan a waje, tsaye a bayan jerin duwatsun da sandarsa.

"Baba, shigo mana, ga hannuna."

"Ta katanga?" ya ce. "Ni ɓarawo ne?"

Ya juya ya bi jerin a hankali, yana dogarawa, babbar riga tana jan ƙasa. Muka tsaya muna kallonsa. Ya zagaya har ya kai wani wuri da duwatsun suka yanke, faɗin shigar mutum, daura da falalen dutsen. Ya tsaya a nan. Ya gyara hularsa, ya yi gyaran murya.

"Salamu alaikum."

Muryar ta karye a tsakiya. Ya sake yi, da ɗan ƙarfi.

Sai Gwaggo ta ɗago daga kan dutsen niƙa, ta juya fuskarta wajen muryar.

"Wa alaikumus salam. Auta, sai yanzu? An aike ka ɗebo ruwa, ka je ka kwaso mana kogi gaba ɗaya!"

Taubashina ne ya fara fashewa, sai maiɗakina, sai mai amalanke da bai san hawa ba bai san sauka ba. Baba ya yi dariya har hularsa ta faɗi, hawaye yana bin gemunsa, bai share ba. Ni ma kuka nake ina dariya, ban ji kunyar kowa ba. Tunda nake ban taɓa jin daɗi irin na ranar nan ba.

"A yi haƙuri, Yaya," ya ce. "Tulun ne ya fashe a hanya."

"To shigo, rana na dukanka."

Ya sa ƙafar dama ya shiga.